Ku Koma Aji, Ku Dawo Bakin Gado

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibiti ya san mai riƙe da asibitin bayan sallar isha'i. Likita ya gama zagaye ya tafi, sai in an kira shi. Masu ofis sun ja ƙofa tun la'asar. Wadda ta rage da layin gadaje, har da waɗanda aka shimfiɗa wa tabarma a baranda, nas ce, da tocila a aljihun farar riga saboda wuta ba ta da alkawari. Ita ce za ta lura numfashin dattijon da ke gadon ƙarshe ya sauya salo. Ita ce za ta auna a ranta ko a ta da likita yanzu ko a jira asuba. Rai na Allah ne, babu ja a nan, amma sababi da yawa ta hannunta yake bi, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Maraɗi har Damagaram.

Da ku nake, 'yan'uwa ma'aikatan jinya da ungozomomi, maza da mata, ku da ƙafafunku suka san tsawon dare. Maganata guda ce: ku koma aji. Mai takardar makarantar jinya ya nemi digiri. Mai digiri ya nemi na biyu. In an gama kuma, a dawo bakin gadon nan da aka baro, a shugabanci ɗakin da ilimin da aka samo. Kiran a tafi karatu kowa yana yinsa, har masu sayar da fom. Kiran a dawo ne ya sa na ɗauki alƙalami.

An daɗe ana faɗa muku, wani lokaci a gabanku, cewa aikin nas aikin hannu ne. Ta iya allura, ta iya ɗaura ƙarin ruwa, ta iya wankin ciwo, ta bi abin da aka rubuta a folda, shi ke nan, sauran karatu kwalliya ce. An gwada wannan magana da lissafi, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Linda Aiken, wadda ita kanta nas ce kafin ta zama farfesa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ta bi bayanan mutanen da aka yi wa tiyata a asibitoci 168 na jihar, ta fitar da sakamakon a 2003. Abin da ta gano shi ne, duk asibitin da yawan nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 yana raguwa da kimanin kashi 5 cikin 100. Masu musu suka ce ai Amurka ce. A 2014 ita da abokan aikinta suka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, da majinyata fiye da 420,000, ragin ya kai kashi 7 cikin 100. A binciken nan ne kuma aka ga cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan kayanta, haɗarin mutuwa yana hawa da kashi 7 cikin 100. Wannan lambar ta ƙarshe ku adana ta, za ta yi muku amfani ranar da aka zauna maganar ɗaukar ma'aikata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matsala bayan tiyata tana zuwa ko'ina, a asibitin masu kuɗi da na talakawa. Jini yakan ɓalle a ciki, ciwo yakan ruɓe, huhu yakan cika da ruwa. Inda asibitoci suke rabuwa shi ne wa ya gani da wuri, ya fahimci abin da ya gani, ya kuma iya faɗarsa yadda ba za a yi watsi da shi ba. Bugun zuciya da ya ɗan hau, fitsarin da ya ragu a jaka, majinyacin da ya fara surutai marasa kan gado: ɗaya bayan ɗaya ba komai ba ne, a haɗe kuwa ƙararrawa ce. Wanda ke tsaye a wurin awa takwas ko goma sha biyu shi ne zai haɗa su.

Kada wani sabon mai digiri ya karanta wannan ya ɗaga kafaɗa. Akwai tsofaffin matiron a asibitocinmu da ba su taɓa taka jami'a ba, amma daga bakin ƙofa suke gane yaron da ba zai kai yamma ba in ba a yi sauri ba. Wannan ido shekaru ne suka wasa shi, babu lakcar da ke ba da shi. Abin takaicin shi ne ranar da suka yi ritaya yake bin su gida. Ba a rubuta shi ba, ba a auna shi ba, ba a mai da shi ƙa'idar da yarinyar da ta fara aiki jiya za ta bi ba. Karatun gaba da digiri shi ke koya wa mutum yadda zai ɗauki abin da ido ya gani ya mai da shi lamba, lambar ta zama hujja, hujjar ta zama tsarin aiki wanda ba ya tafiya hutu in mai shi ya tafi.

Misalin da ya fi burge ni a gida aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba cikin abin da ke kashe su. Maganinsa ba baƙo ba ne a ɗakin haihuwa. Kowace ungozoma ta san matsa mara don mahaifa ta tsuke, ta san allurar oksitosin, ta san ƙarin ruwa. To me ya sa ake ta mutuwa? Babban dalili shi ne da ido ake kintata jinin da ya zuba, a zani, a ƙasa, a tsumma, ido kuwa yakan rage. Ko mai sayar da gero a kasuwa ba ta yarda da awon ido, mudu take sawa, amma jinin mace mun bar shi ga kintace. Kafin a yarda cewa ya wuce rabin lita, an makara. Sannan a gwada magani ɗaya, a jira a gani, a gwada na biyu, a sake jira.

Binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, ya shiga asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya haɗa mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka sauya ba shi da tsada: leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a karanta adadinsa, sannan da zarar ya kai iyaka a ba da magungunan duka a tare, tausar mahaifa, oksitosin, maganin tsai da jini na tiranekzamik, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, ba tare da jiran wani ya gaza ba. A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, kusan rabin masu zubar jini kawai ake ganowa. A waɗanda suka bi sabuwar, fiye da 9 cikin 10 aka gano. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko buɗe ciki ko mutuwa, ya sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin 100. Ragin ya kai kashi 60 cikin 100.

Farfesa Galadanci likita ce, amma hannuwan da suka shimfiɗa ledar nan suka karanta ma'aunin da tsakar dare na ungozomomi ne. Ku kuma lura da abin da ya riƙe aikin bayan an gama horo. An tanadi keken magani ko akwati da ake cikawa kullum don kada a shiga neman allura lokacin da jini ke zuba. An naɗa jagorori a cikin ma'aikatan kowane asibiti masu tunatar da 'yan'uwansu. Ana kuma dawo wa ɗakin haihuwa da lissafin aikinsa a kai a kai, su ga inda suka gyara da inda suka yi sake. Wannan shi ne shugabancin bakin gado da nake nufi. Masu bincike sun gama sun tafi, tallafi yakan ƙare. Wa zai tabbatar akwatin nan a cike yake bayan shekara uku? Wa zai ci gaba da lissafin, ya tsaya gaban shugabannin asibiti ya ce kuɗin leda bai kai kuɗin jaka ɗaya ta jini ba? Ana bukatar wadda ke cikin ɗakin, ta san kowace ungozoma da halinta, ta kuma iya karanta bincike ta kare shi.

Amurkawa har matsayi suka ƙirƙira don wannan. A 1999 wani rahoto na cibiyar nazarin lafiya ta ƙasarsu ya girgiza su, inda ya ce mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kurakuran da za a iya kauce wa. Cikin abin da ya biyo baya, ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta fito a 2003 da sabon matsayi na nas mai digiri na biyu wadda aikinta jagorancin kula da majinyata a ɗaki guda ko sashe guda. Ba ita ke rubuta rosta ba, ba ita ke sa hannu a takardar hutu ba. Aikinta ta bi majinyatan ɗakin daga shiga har sallama, ta haɗa likita da mai haɗa magani da mai gashin ƙashi da dangi a kan magana ɗaya, ta lura da inda ake yawan tuntuɓe, ta gyara. Daga 2007 aka fara jarrabawar ba da shaidar wannan matsayi. Ba ina cewa mu kwafo sunan ba. Aikin nake so mu gani, don ɗakunanmu sun fi nasu bukatarsa.

A jihar Michigan ma an ga abin da ke faruwa idan aka ba nas baki. Ɗakunan kula da masu matsanancin ciwo 103 suka ɗauki wata gajeriyar takardar matakai biyar ta sa robar da ake zurawa a babbar jijiya: wanke hannu, rufe jiki da majinyaci da kaya masu tsabta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyi, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire robar da zarar amfaninta ya ƙare. Babu likitan da bai san waɗannan ba. Sabon abin shi ne an ba nas ikon ta ce a dakata idan an tsallake mataki, ko wane ne ke riƙe da allurar, shugabanni kuma suka tsaya mata. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A wurinmu, inda ƙaramin ma'aikaci ke haɗiye magana gaban babba ko da yana ganin ɓarna, wannan darasi ya fi takardar kanta nauyi. Ladabi abu ne mai kyau, mun gaje shi. Sai dai nas mai ilimi ta san yadda za ta ce "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata, ba a goge wurin ba" cikin ladabin, kuma a dakata ɗin, don an san ba da ka take magana ba.

Me ake koya a digiri na biyun da zai yi amfani a ɗakin maza na tiyata ko ɗakin yara? Ana zurfafa sanin yadda cuta ke aiki a jiki da yadda magani ke aiki a kanta, da duba majinyaci daga kai har ƙafa. Ana koyon ƙididdiga, wadda ita ce dodon yawancin ɗalibai, kuma ita ce za ta fi yi muku rana. Ana koyon karanta bincike a rarrabe na ƙwarai da na bogi, don ba duk abin da aka buga a mujalla ne gaskiya ba. Ana koyon kasafin kuɗi, da koyar da manya, da sasanta mutanen da ba sa ga maciji. Ku ɗauki gyambon kwanciya. Kowa ya san juya majinyaci ke hana shi, kowa kuma ya san ba a yi yadda ya kamata, don hannu bai isa ba. Shugabar da ta yi karatu za ta fara da ƙirga nawa ne suka shigo da fata lafiya suka fita da gyambo a wata uku. Za ta ware waɗanda suka fi haɗari tun ranar kwanciya. Za ta koya wa masu jinya, waɗanda dama suna nan dare da rana a gefen gado, yadda ake juyawa da lokacin yi, ta mai da cunkoson dangin da ake kuka da shi ya zama ƙarin hannu. Bayan wata uku ta sake ƙirgawa. Haka robar fitsarin da ake mantawa a jikin mutum har ta jawo zazzaɓi. Haka miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, inda rabin labarin majinyaci ke zubewa a tsaye a bakin ƙofa, kowa na sauri ya kama mota. Haka maganin jijjigar masu ciki da ke kulle a kabad, mabuɗin yana aljihun wadda ta tafi salla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku ne masu ɗakin.

Wannan hanya ba yau aka share ta ba. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a Yaƙin Gwalalo. Florence Nightingale, da ake zana ta riƙe da fitila, da lissafi ta ci nasararta: bayan ta je asibitin sojoji na Scutari a 1854, ta nuna wa gwamnatin Ingila da alƙaluma cewa cutar ƙazanta ta fi harsashi kashe sojojinsu.

Amma wadda nake so masu cewa "na tsufa da karatu" su sani ita ce Kofoworola Abeni Pratt. Malamar makaranta ce a Legas, da aurenta, ta haura shekara 30, sannan ta fara koyon jinya a 1946 a makarantar asibitin St Thomas da ke Landan, wadda Nightingale ta kafa. Ta gama a 1950. Da ta dawo gida a 1954 ta nemi matsayin sista mai riƙe da ɗaki a asibitin koyarwa na Ibadan, da farko aka hana ta, don a lokacin Turawa ake ba wannan kujera. Ba ta yi zuciya ta koma ba. Ta samu matsayin, ta ci gaba da ƙaro karatu, a 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta zama matiron ta wannan asibiti. Daga nan ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa, sannan kwamishinar lafiya ta Jihar Legas daga 1973 zuwa 1975. Gemu ba ya hana ilimi, goyo ma haka.

Ƙofofin yanzu sun fi na zamaninta yawa nesa ba kusa ba. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya a 1965, ta Ife ta fara digirin jinya ga masu fitowa daga sakandare a 1973, Arewa ta daɗe tana kallo daga nesa. Yau akwai sashen jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri. Mai lasisi da ba zai iya barin aiki ba yana iya yin digirin farko ta karatu daga nesa, a cibiyar da Ahmadu Bello ta buɗe don haka ko a buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wato NOUN. Mai son ƙwarewa a fanni guda yana da makarantar jinyar ƙashi a Dala, ta ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, ta masu taɓin hankali a Barnawa. Akwai kuma kwalejin jinya ta Afirka ta Yamma, da aka kafa a Banjul a 1981, mai ba da shaidar ƙwarewa ga manyan ma'aikata. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma sun amince da kwas ɗin. Akwai masu tallan digiri a waya, wata tara an gama, babu aji babu asibiti. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san nauyin da ke kanku. Albashin da ke ƙarewa kafin 20 ga wata, kuɗin makarantar yara, rostar da ba ta san kana da jarrabawa ba, fitowa daga aikin dare a zarce aji ido ya yi ja. Ba zan ce da sauƙi ba. Wasu da adashe suka biya kuɗin zango, wasu suka sayar da hutunsu na shekara ga littafi, wasu suka yi musanyar duti da abokan aiki har aka gama. Ana yi, kuma waɗanda suka yi ba su fi ku kai ba. Dama duk shekara uku sai kun zauna kwas ɗin dole kafin a sabunta lasisi. Wanda ya iya wannan zama don kada takarda ta mutu, zai iya wanda ya fi shi don kansa.

Malam, kai da matarka ke wannan aiki, da kai ma nake. Mun daɗe muna cewa ba ma son namiji ya duba iyalinmu. To matan da za su duba su, wa zai koyar da su? Majalisar jinya tana duba yawan ƙwararrun malamai kafin ta ƙayyade ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Shirin Women for Health, da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, da wannan katanga ya yi ta fama: ƙarancin mata masu koyarwa da masu shugabanci a makarantun lafiya. Shekara biyu da za ka haƙura da tuwon da bai zo a kan lokaci ba, ka kai yara makaranta da kanka, su ne za su samar da wadda za ta yaye ɗaruruwan ungozomomi. A cikinsu akwai wadda za ta karɓi haihuwar 'yarka.

Ku kuma iyayenmu matiron da daraktocin jinya, takardar neman hutun karatu da ke kwance a teburinku tun bara, ku sa mata hannu. Na san tsoronku, ɗakin ba kowa, in ta tafi wa zai yi dare. Ku tsara a riƙa tafiya bi da bi, ku ɗaure mai tafiya da yarjejeniyar dawowa ta yi aiki, ku ba ta matsalar ɗakinku ta zama abin bincikenta. Amma kada ku danne yarinya don kawai ku ba ku samu wannan dama ba a lokacinku.

Sai maganar ficewa waje, wadda ba a iya tsallake ta. A farkon 2024 magatakardan Majalisar jinya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 suka bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Ba ni da bakin zagin wanda ya tafi. Mutum ya ga abin da ake biyan irin aikinsa a Ingila ko Saudiyya, ya dubi nasa, ya yi lissafi. Gwamnatin da ke son su zauna ta san abin yi, ba sai an hana su takardar tantancewa ta zuwa aiki waje ba. Amma duk gurbin da aka bari, wani ake turawa ya cike, sau da yawa matashin da bai kai ba, a ce daga yau kai ne in-caj. Shugabancin nan zai faɗo muku ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Gara ya same ku da shiri.

Akwai tarkon da ya fi jirgin Landan cinye mana gwanaye, shi ne ofis. Tsanin aikin gwamnati an gina shi ne yadda duk hawan da nas ta yi yana nisanta ta da majinyaci. A wurare da yawa marar digiri ba ya shiga sahun daraktoci, sai digirin ya koma tikitin samun kujera da na'urar sanyaya ɗaki. Wadda ta fi kowa iya farfaɗo da jariri, ranar da ta kawo takardar mastas sai a ba ta fayil da hatimi. Muna bukatar daraktoci masu ilimi, muna bukatar malaman jami'a, ban musa ba. Amma ku da ƙungiyarku ta NANNM ku nemi a buɗe tsani na biyu, wanda nas za ta kai ƙololuwar albashi tana cikin ɗakin marasa lafiya, a matsayin ƙwararriyar da ake kira idan abu ya cakuɗe. Likitoci suna da irinsa, babban kwansaltan yana zagaye har ya yi ritaya, babu mai cewa ya ci baya. Kuma don Allah kada a je karatun nan da niyyar dawowa a yi fito-na-fito da likita. Rigimar wane ne babba ta ci mana shekaru, majinyaci ne ke biyan kuɗinta. Nas ɗin da ta zo zagaye da alƙaluma a hannu, ta ce majinyata kaza suka kamu da kaza a watan jiya, ga abin da nake ganin za mu sauya, ba ta bukatar ɗaga murya.

Ba sai fom ya fito za a fara ba. A dutin gobe ku shiga da ƙaramin littafi. Ku zaɓi abu guda da ke ci muku tuwo a ƙwarya a ɗakinku: allurar da ake bayarwa a makare, jariran da ke isowa da sanyin jiki daga ɗakin haihuwa, awannin da ake ɗauka kafin jini ya iso daga ma'ajiya. Ku riƙa rubuta kwanan wata, lokaci da abin da ya faru, ba sunan majinyaci, ba sunan abokin aiki, kuma da sanin in-caj ɗinku. Ku ja mutum biyu cikin abokan duti su taya ku, don kada littafin ya tsaya ranar da kuke hutu. A nemi takardar sakamakon karatu daga tsohuwar makaranta tun yanzu, don kun san yadda take daɗewa kafin ta fito. Bayan wata uku ku zauna ku ƙirga abin da ke cikin littafin, ku kai wa matiron, sannan ku tafi da kwafinsa wurin malamin da kuke so ya duba bincikenku.